Tayar da Ta Fita a Kan Gada

Ƙarfe bakwai da rabi na safiyar Litinin aka bugo waya caji ofis, kuma tun kafin Saje ya gama rubuta rahoton, Sufeto ya riga ya miƙe tsaye. A bayan idonsa Barkono ake kiransa. Ya san da haka, bai kuma taɓa yin wani abin da zai sa a canza masa suna ba.

"Hatsari ne a kan gada, Yallaɓai," in ji Saje. "Taya ce ta fita daga mota. Wata dattijuwa ta rasu nan take, 'yarta da ke tuƙi, wata nas ce, tana asibiti."

Da suka isa, Sufeto ya tsaya yana kallon motar. Tsohuwa ce, irin dogayen nan masu faɗin gaba da kaurin ƙarfe, ta haura shekara arba'in, amma farin fentinta sabo fil. Ta daki ƙarfen gada da ɓangaren dama, inda dattijuwar take zaune. Tayar gaba ta dama tana can ƙasa cikin ciyawa.

Saje ya bi titi yana dube-dube, ya dawo da noti biyar a tafin hannunsa.

"Ga su nan duka, Yallaɓai. Ba wanda ya karye. Kwancewa suka yi."

Sufeto ya durƙusa wurin tayar baya ta dama, ya kama noti ɗaya da yatsu biyu. Notin ya juya kamar murfin kwalba. Nan take ransa ya ɓaci, irin ɓacin ran da ke sa jijiyar goshinsa ta tashi. Shekara ashirin yana kwasar gawa a titi saboda ganganci irin wannan.

A gilashin baya akwai sitikar wani gareji da lambar waya.

Garejin cike yake da mutane lokacin da motar 'yan sanda ta tsaya. Tsofaffin motoci ne jere, wasu a kan jak, wasu an buɗe musu bonet. Bakaniken, mutum ne siriri ɗan shekara talatin da 'yan kai, ya fito yana goge hannu da tsumma.

"Kai ne ka yi aikin farar motar nan ta Nas?"

"Ni ne, Yallaɓai. Lafiya?"

"Lafiyar ke nan. Ka kashe mata uwa."

Sufeto bai faɗa a hankali ba. Ya faɗa ne yadda har mai shagon da ke tsallaken titi sai da ya leƙo. A gaban masu motoci ya sa aka buga wa Bakanike ankwa.

A ɗakin tambayoyi Bakanike ya yi bayani.

"Wata biyar na yi a kanta. Motar mahaifinta ce, ta ce tana so ta riƙa zuwa aiki da ita kullum ba tare da ta tsaya mata a hanya ba. Na sake wayoyin wuta kaf. Na sa sabon lagireto da sabon famfon mai. Na cire tsohon birki na ganga, na sa na faifai, kuma dole ta sa na canza mazaunin taya duka huɗun. Har bel ɗin kujera ni na sa, don ba ta zo da shi ba."

"Ban tambaye ka tarihi ba. Wa ya ɗaure noti?"

"Ni, da hannuna, da sifana mai awo."

"Yaushe ka miƙa mata motar?"

"Ranar Juma'a."

"Bayan nan ka sake dubawa?"

Bakanike ya kau da ido. "Na je gidansu ranar Asabar na sake bin su ɗaya bayan ɗaya."

Da yamma Oga, shugaban caji ofis ɗin, ya kira Sufeto ofishinsa. Labari ya riga ya bazu, 'yan jarida suna ta kira. "Jibi Laraba ƙarfe goma a gurfanar da shi," in ji Oga. "Sakacin da ya jawo asarar rai. Kada ka tsaya ja mini lokaci." Duk wanda ya san kotu ya san abin da hakan yake nufi: shekaru a gidan yari, da rufe gareji har abada.

Sufeto bai yi musu ba. A ganinsa ma hukuncin ya yi kaɗan.

Washegari da safe ya je asibiti. Nas tana kwance a sashen da ita kanta take aiki, ƙafarta a ɗaure, rabin fuskarta a kumbure. Ba kuka take yi ba. Idanunta a bushe suke, kuma hakan ya fi kukan wuyar kallo.

"Shekara tara motar nan tana ajiye tun rasuwar Abba," ta ce. "Mama ta ce ba za ta ƙara shigarta ba, don tana tuna mata da shi. Ni na yi ta lallashinta. Jiya ne ta yarda karon farko. Ni na buɗe mata ƙofa da hannuna, Sufeto."

"Allah ya ji ƙanta. Bakaniken ya zo gidanku ranar Asabar?"

"Bai zo ba. Ya yi alkawari, bai zo ba."

Sufeto ya dafe littafinsa da ƙarfi. Ga ganganci, ga ƙarya. Har ya miƙe zai tafi, sai ya tuna da tambaya ɗaya.

"Kin hau ta kafin jiya?"

"Juma'a na hau, Asabar na je aiki na dawo, duk ta kan gadar nan. Ko ƙis ban ji ba. Lahadi tana garejin gida, mu kuma mun tafi dubiya tun hantsi sai yamma. Jiya ne tun daga bakin get na fara jin ƙwas-ƙwas, na ɗauka jak ne yake rawa a but."

Sufeto ya fito yana jin haushin wannan amsar. Ya so a ce komai ya zauna daidai, sai ga wani abu yana sukar sa kamar tsakuwa a takalmi. Notin da aka manta ba a ɗaure ba, yaya zai yi shiru kwana biyu, sannan ya fara surutu bayan motar ta wuni a ajiye?

A harabar caji ofis ya tarar da Saje yana fama da motar, gumi sharkaf. Masu binciken hatsari sun ce a cire musu tayoyin su duba birki.

"Yallaɓai, na dama da yatsa na cire su. Na hagu kuwa kamar an yi musu walda. Na hau kan sifanar da ƙafa biyu, sun ƙi. Dubi nan ma."

A tayar gaba ta hagu noti huɗu ne. Na biyar babu shi, ƙusar da ake ɗaura shi a kai ta karye daga tushe.

"A kan gada ya faɗi?"

"Na share gadar nan da idona sau biyu. Babu shi."

"To wane irin mahaukaci ne zai matse ɓangare ɗaya har ƙarfe ya karye, ya bar ɗayan a sake?"

"Wataƙila yana cikin yi aka kira shi cin abinci," in ji Saje.

Kallon da Sufeto ya yi masa ya sa Saje ya koma kan sifanarsa.

Gidan su Nas cike yake da masu ta'aziyya. Yayanta, wani mai tumbi da agogo mai walƙiya, ya fito ya tare su a bakin get, fuska a murtuƙe.

"Tun farko na ce a bar motar nan yadda take. Ba ta ji ba. Ga shi nan ta jawo mana."

"Buɗe mana garejin."

"Ba ni da makulli. Ni ba abin da ya haɗa ni da wurin."

Sufeto ya dubi tarin makullan da ke lilo a ƙugun wandonsa. "Ba ni waɗancan."

Makulli na uku ya buɗe kwaɗon. Yaya ya fara kame-kame, Sufeto ya ɗaga masa hannu.

Garejin a share yake tas. Ga bokiti da soso a kusurwa, ga wani akwatin katako cike da tsofaffin kayan da aka ciro daga motar. Saje ya haska tocila ƙarƙashin durom ɗin ruwa, ya zura hannu, ya fito da abu. Sabon noti ne, da guntun ƙusa a maƙale cikinsa.

Ba a garejin Bakanike aka karya shi ba. A nan gidan ne.

"Yanzu sai ka faɗa mini gaskiya," in ji Sufeto, "ko kuwa ka karɓi sauran gaisuwar a bayan kanta."

"Na shigo ranar Lahadi," in ji Yaya da sauri. "Hoto kawai na ɗauka, wallahi. Akwai mai son tsofaffin motoci da nake so ya gani, ban so ƙanwata ta sani ba. Ni ko bonet ɗin nan ban san ta inda ake buɗe shi ba."

"Wa kuma yake da makulli?"

"Ita, da ni, sai Baba Direba."

Baba Direba yana zaune a kan benci a ƙofar ɗakinsa da ke bayan gida. Tsoho ne mai ƙarfin jiki, gashinsa fari fat, idanunsa sun yi ja. Shi ya tuƙa marigayi Maigida, mahaifin su Nas, shi ya kai yaran gidan makaranta tun suna 'yan mitsi-mitsi.

"Sannu da haƙuri, Baba."

"Haƙuri ya zama dole, ɗana."

"Yaushe rabonka da motar?"

"Tun ranar da aka ja ta zuwa wurin yaron nan ban ɗora mata hannu ba." Muryarsa ta tashi. "Shekara talatin da ɗaya ina tuƙa ta, taya ba ta taɓa fita ba. Bayan Maigida ya rasu, duk sati sai na tayar da ita na goge ta. Da kunne nake gane ciwonta. Rana ɗaya aka ce ta tsufa, ba a ko tambaye ni ba, aka kai wa wani mai danna kwamfuta ya farke mata ciki ya zubar. Je ka duba akwatin can, duk kayan nan lafiyarsu ƙalau!"

"Ranar Lahadi kana ina?"

"Ina nan ɗakina. Ina zan je?"

Sufeto ya rufe littafinsa. Soson da ya gani a garejin da sauran danshi a jikinsa, kuma bai ga alamar Yaya ya taɓa wanke ko da kofin shayinsa ba. Amma danshin soso ba ya tsayawa a gaban alƙali.

Da la'asar ya sa aka fito da Bakanike daga sel. Kwana ɗaya kacal, amma mutumin ya zabge.

"Ka yi mini ƙarya. Ba ka je ranar Asabar ba."

Bakanike ya sunkuyar da kai. "Ban je ba. Aiki ya riƙe ni. Da na ji an ce ta rasu sai tsoro ya kama ni."

"Tsoronka ya kusa kai ka gidan yari. Riƙe wannan."

Ya ajiye masa notin a kan tebur. Bakanike ya ɗauka da hannayensa masu ankwa, ya juya shi wajen hasken taga, ya daɗe yana kallon inda ƙarfen ya karye.

"Daga wane ɓangare?"

"Hagu."

"Sauran na hagun fa?"

"A matse, kamar an yi musu walda. Na dama kuma a sake."

Bakanike ya ɗago kai a hankali. "Yallaɓai, wanda ya yi wannan ba matsewa ya zo yi ba. Kwancewa ya zo yi, duka huɗun."

"Kada ka raina mini hankali."

"Ka saurare ni, don Allah. Wasu motocin wancan zamanin, irin wannan, notin ɓangaren hagu a juye suke. Idan za ka kwance na hagu, dama za ka murɗa, ba hagu ba kamar yadda kowa ya sani. Haka ta zo daga kamfani. Da na canza mazaunin taya, na sa irin na yanzu, duka huɗun hanya ɗaya suke bi. Wanda ya karya wannan, dama ya yi ta murɗawa yana jira ya saki, shi kuwa ƙara shiga yake yi. Da ya gaji ya koma ɗaya ɓangaren, can kuma hannunsa ya yi daidai."



"Kai ba za ka yi wannan kuskuren ba," in ji Sufeto.

"Ni na sa su. Ta yaya zan manta? Ɓarawon titi ma ba zai yi ba, don bai san da zancen ba. Sai wanda hannunsa ya saba da tsohuwar, kuma bai san an canza ba."

Sufeto ya ji fushi ya taso masa har wuya, kuma wannan karon rabinsa a kan kansa ne. Ya fita ya bugo ƙofar da ƙarfin da ya sa Saje ya zabura a bayan kanta.

Ranar Laraba ƙarfe tara, saura awa ɗaya a tafi kotu, motar fursuna ta riga ta juya baki tana jira. Sufeto ya sa aka kawo Yaya da Baba Direba harabar ofis, wai su shaida motar kafin a rufe fayil. Bakanike yana tsaye gefe da ankwa, ɗan sanda yana riƙe da shi.

"Kafin mu tafi, ana so a cire tayar bayan nan ta hagu," in ji Sufeto. "Yarana sun kasa. Kai, gwada mana."

Ya miƙa wa Yaya sifanar taya. Yaya ya karɓa kamar an ba shi jariri, ya yi ta laluben bakin da zai shiga. Da ƙyar ya sa, ya fara ja wajen hagu, yana nishi.

Baba Direba ya yi tsaki. Ya sake yin wani. A na uku ya kasa daurewa.

"Kai, kauce! Ɗan gidan nan ne kai, amma ba ka san motar ubanka ba? Ɓangaren hagu ne wannan, ba a kwance shi haka."

Ya fizge sifanar, ya juya ta, ya danna wajen dama. Notin bai motsa ba. Ya ɗora ƙafa ya hau da duk nauyinsa.

"Kun gani? Da inji yaron nan yake matse su. Haka suka yi mini ranar..."

Ƙarfen ya yi ƙas, ƙusar ta karye, notin ya gangara ya tsaya a gaban takalmin Sufeto.

"Ranar yaushe, Baba?"

Tsohon ya tsaya da sifana a hannu.

Sufeto ya ciro ɗayan notin daga aljihu, ya ajiye shi kusa da wanda ya faɗi. Karyewarsu iri ɗaya ce sak.

"Wannan a garejin gida muka same shi. Ba inji ba ne, Baba. An canza mazaunin tayar. Duk lokacin da ka murɗa dama, matsewa kake yi. Kai kaɗai ne a duniyar nan za ka yi wannan kuskuren. Na ce ranar yaushe?"

Sifanar ta faɗi ƙasa. Baba Direba ya dafa jikin motar.

"Lahadi," ya ce. "Bayan sun fita."

"Don me?"

"So nake ta yi ƙara kawai. In ta ji ƙara a bakin get za ta tsaya, ta kira ni kamar yadda ubanta yake yi. In duba, in ce kin ga aikin yaran zamani. In ɗaure mata, ta san ina da amfani." Ya share ido. "Na zauna a benci ina jira ta kira ni. Sai na ga ta buɗe wa Uwargida ƙofa. Shekara tara ba ta shiga motar nan ba. Ban san za ta shiga ba, wallahi ban sani ba."

"Ka gan ta ta shiga?" Muryar Sufeto ta sauka ƙasa, kuma waɗanda suka san shi sun fi tsoron wannan muryar. "Kana zaune, taku ashirin tsakaninku, ka gan ta ta shiga, ba ka tashi ba?"

"Na miƙe. In na tsayar da su, me zan ce? Ta yaya na sani? Na ce a raina za ta ji ƙarar ta tsaya."

Yaya ya yi kukan kura zai shaƙe shi, Saje ya rungume shi ta baya. "A gidanmu ka tsufa!" yake ihu. "Mama ce take aiko maka da abinci da hannunta!"

"Kunyar minti ɗaya ka guje wa," in ji Sufeto. "Sannan ka zauna kwana biyu kana karɓar gaisuwa, wani yana sel a madadinka. Da ka bar shi ya tafi gidan yari?"



Sufeto ya karɓi makulli, ya kwance ankwar daga hannun Bakanike da kansa. Saje ya buga wa Baba Direba ita, ya kama shi a gwiwar hannu ya nufi motar fursuna da shi. Tsohon yana tafe yana jan ƙafa, bai waiwayo ba.

Bakanike ya tsaya yana murza wuyan hannunsa. Aka kawo masa wayarsa da bel ɗinsa daga kanta. Ya kunna wayar, ya daɗe yana karanta saƙonni, fuskarsa tana ƙara ɗaurewa.

Sufeto ya gyara murya. Kalmar ta yi masa nauyi a baki, don ba ta saba fitowa daga can ba.

"Ka yi haƙuri."

"Mota goma sha ɗaya ke garejina ranar Litinin," in ji Bakanike. "Matata ta ce saura biyu, su ma don ba su da taya ne. An hana 'yata wasa da yaran maƙwabta, wai ubanta ya kashe mutum."

"Za a rubuta maka takarda cewa ba ka da laifi."

"Wa zai karanta? Ba a takarda suka ji ba, Yallaɓai, a bakinka suka ji. Ka zo ka tsaya a tsakiyar garejin nan ka faɗa musu da bakinka, da ƙarfi."

'Yan sandan da ke wurin suka sunkuyar da kai suna jiran tsawa, don ba a taɓa ba Barkono umarni a harabarsa ba.

Jijiyar goshinsa ta tashi, ta daɗe a tsaye. Sannan ya juya ya buɗe ƙofar gaba ta motar ofis, ya riƙe ta.

"Shiga," ya ce. "Saje, kunna jiniya. Ina so kowa ya fito."